Ƙishirwar Lauratu

A zuriyar Malam Mudi Bature na Bakori ba a ciwon sukari. Ciwo ne na Alhazan birni masu tumbi, waɗanda suka sha shayi mai kauri har jikinsu ya gaji da su. Ba ya kama yaro, balle 'ya mace, balle 'yar gidan da aka gina da tuwon dawa da miyar kuka. Baba ne ya yanke wannan hukunci a zaure, gaban shaidu, kuma tun da ya daɗe yana malamin awon auduga har ya taɓa gaisawa da Turawa hannu da hannu, ba wanda ya ɗaukaka ƙara.

Ni ce 'yarsa Lauratu, kuma tun ina aji shida na firamare nake yi wa kaina allura safe da yamma.

Abin da nake da shi, a harshen gidanmu, ƙishirwa ce. Da ita abin ya fara. Na riƙa shan ruwa kamar an huda ni, tururuwa na bin inda na tsuguna, na rame har awarwaro yana zamewa daga hannuna. Inna ta kai ni asibiti a Zariya ina gani bibbiyu. Likita ya faɗi sunan ciwon da Turanci, ya maimaita da Hausa. Da muka dawo gida, Baba ya saurari duka biyun, ya zaɓi na uku. Daga ranar, in an ce ƙishirwar Lauratu ta motsa, kowa a gidan ya gane, na waje kuma ya yi mini fatan samun ruwan sanyi.

Ku masu karanta wannan a waya, wasunku ma wayar ce ke gaya muku yawan sukarin jininku, bari in nuna muku namu kayan aikin. Ƙaramin tulu ne cike da jiƙaƙƙen yashi, a bayan gadon Inna, ƙarƙashin jeren kwanoninta. A cikin yashin kwalaben insulin suke kwana, ɗaya garau kamar ruwa, ɗaya fari-fari kamar gasara. Shi ne firjinmu, kuma bai taɓa ɗauke wuta ba. Sirinjin gilashi ne, Inna ke dafa shi a wata 'yar tukunya da ba a yarda ko wake ya shiga ba. Wata nas a Zariya ta ba mu dokar da ta fi kowace, ta ce allurar nan ba ta da kunya: in ta shiga jiki sai an ba ta abinci a kan kari, in ba haka ba ta juyo ta ci mai ita. Shi ya sa kullum akwai gutsuren mazarƙwaila ƙulle a bakin gyalena. Inna ta gane wannan. Sauran gidan sun tsaya a kan cewa mai irin ciwona da zaƙi ba sa ga maciji.

Maharazu ya shigo gidanmu ne a shekarar da ake layin sabulu da madara. Malamin gona ne, ɗan Dayi, aka turo shi Bakori da babur da buhun sabon irin masara. Ya zo ya bayyana wa Baba amfanin takin zamani, Baba ya zaunar da shi ya koya masa noma har la'asar. Mutumin da ya dawo bayan irin wannan, kun san ba don taki ya dawo ba.

Sai dai Maharazu ba ya iya magana ido da ido. In ya zo zance, ya gaishe ni, ya ba ni labarin damina, ya dubi takalminsa, sannan ya ajiye kaset a bakin tabarma ya tafi. Can nake samunsa. In shanya batura a rana, in rage murya, in kara kunne jikin rikoda. A wani kaset ya ce, "Lauratu, yau na ga wata masara a Gozaki, ta yi tsayi, ta yi kyau, ba ruwanta da kowa. Sai na tuna ki." Na yi karatu mai zurfi bayan nan, na karanta mawaƙa iri-iri, ban sake samun wanda ya kwatanta ni da abin da yake girmamawa har haka ba.

Bai san komai game da tulun ba. Wani ya riga shi zuwa neman aurena, da ya ji labarin allura sai zuwansa ya koma na gaisuwar sallah, daga nan ya ɓace. Mutane sun yi ittifaƙi cewa mai allura kullum ba ta haihuwa, in ma ta haihu ba ta rayuwa, kafin nan kuma ta tatse mijin. Don haka Baba ya ce babu abin faɗa, tun da babu ciwon. Gwaggo, ƙanwarsa, ta ce a faɗa, amma bayan an ɗaura aure, zai fi kyau ma bayan ɗan fari. Inna tana dai dafa sirinji. Ni kuma ina son Maharazu, kuma na san kalma ɗaya ta isa ta mayar da babur ɗinsa hanyar Dayi.

Bayan an kawo gaisuwar iyaye, yayarsa ta haihu, Hajiyarsu ta aiko cewa tana so a kawo mata yarinyar ranar suna ta gan ta. Gwaggo ce za ta raka ni.

Da safe na yi allurata, na sha koko da ƙosai, aka shiga shirya ni. Atamfa shuɗiya mai zanen ganye, riga da zane, ɗinkin da aka karɓo jiya. Lalle har idon sawu, kwalli, sarƙar aro ta matar yayana, da takalmi mai tsini wanda ya ƙi jinina tun a shago. Ina ƙulla mazarƙwailata a bakin sabon gyale Gwaggo ta kama hannuna.

"Mene ne wannan?"

"Ta tsaro ce, Gwaggo."

"Tsaron me? Mai ƙishirwa da mazarƙwaila? So kike ki mutu a gidan mutane, ko so kike a ce mun kawo musu kwaɗayayya mai ƙunshin alewa?"

Ta kwance ta, ta ƙulle a haɓar zanenta. Don Allah kada ku tsani Gwaggo. A ganinta guba ta raba ni da ita. Inna tana can madafi tana suyar ƙuli, ni kuma na bar wa Gwaggo ita, don a lokacin na fi tsoron bakin Gwaggo fiye da abin da nas ta faɗa.

A mota ta ba ni sauran dokokin. Ba ɗaga ido. Ba kiran sunan yaron, ko da wani ne mai irin sunan. Uwa uba, 'yar gidan mutunci ba ta cin abinci a gidan surukai; in an matsa mata ta taɓa bakin kwano ta ce ta ƙoshi. Ta ce ita da aka kai ta gidan mijinta sai da aka haɗa ta da Allah kafin ta sha ruwa, kuma har yau ana ba da labarin.

Motar Bakori ta daɗe ba ta cika ba. A Malumfashi muka sake jiran wata. Na ga mai dafaffen rogo na roƙi Gwaggo, ta ce tashar nan cike take da mutanen Dayi, ba za a fara ganina da baki yana motsi ba. Sai bayan azahar muka isa.

Ɗakin Hajiya ya sha jere, gado mai rumfa, kwanoni har kusa da rufi, turaren wuta ya cika ko'ina. Mata sun zagaye ni suna duba ni kamar yadda Baba ke duba auduga. Aka ajiye mini shinkafa da miya, da masa, da naman suna yana ƙyalli. Hajiya Adama, mace mai jiki da fara'a, ta ce, "Ci mana, 'yata, nan ma gida ne." Na taɓa bakin kwano na ce na ƙoshi. Ta sake cewa, na sake ƙoshi. Ina jin yadda darajata ke hawa da kowace ƙi. Wata tsohuwa ta ce rabonta da ganin tarbiyya irin wannan tun zamanin da.

A lokacin gumi ya riga ya fara tsattsafo mini a gadon baya. Leɓɓana suka ɗauki tsami, zuciyata na bugu kamar ana sussuka. Na san abin: allurar safe ce ta juyo tana cin mai ita. Na karkata wajen Gwaggo na raɗa mata cewa ƙishirwata ta motsa.

Hajiya mai kunne ce. Nan take ta sa aka ɗebo mini ruwan randa mai sanyi a sabon moɗa. Gwaggo ta yi sassauci, ta ce in kurɓa.

Shekara da shekaru muna kiran abin ƙishirwa. Ranar da na fi buƙatar sunansa, ruwa ya kawo mini.

Abin da ya biyo baya ba ni da shi a kai, labari aka ba ni, kuma an ba ni shi ta bakuna da yawa. An ce na miƙe tsaye na yar da gyale. An ce na dubi uwar mutumin da zan aura na ce, "Adama, miƙo mini masar nan." An ce na yi dariya na tambayi ina Maharazu, da sunansa, da ƙarfi, har maza a waje suka ji. Sannan ƙafafuna suka lanƙwashe na zube, jiki sharkaf.

Ɗakin bai ɓata lokaci wajen gano ciwon ba. Yarinyar da ɗazu ba ta iya ɗaga ido, yanzu tana kiran surukarta da suna? Ba ita ba ce. Mutanen ɓoye ne. Aka ƙara turare, aka riƙe mini babban yatsa, ana tambayar su ko su wane ne.

Gwaggo tana durƙushe a kaina tana kuka, sunan ciwon a bakinta, maganinsa a haɓar zanenta. Na farkon ba za ta iya faɗa ba, na biyun ba ta san shi ne ba.

Maƙwabcinsu Malam Ummaru, wanda ya raɗa wa jaririn suna da safe, shi ya aiko da rubutu a ƙwarya. Malam Ummaru mutum ne mai tausayi, kuma yana da amyar ƙudan zuma a bayan gidansa. A shekarar da sukari ya zama abin nema da takarda, shi rubutunsa da zuma yake damawa, ba ya kuma tsumulmula. Allah ya sa ina iya haɗiya. Aka ɗura mini kaɗan-kaɗan. Ba a jima ba rufin ɗakin ya dawo guda ɗaya, na ga fuskokin mata, na ji salati ya tashi.

Yunwa nake ji irin wadda ba ta san suruka ba. Na jawo kwanon shinkafa. Gwaggo ta kai hannu za ta hana, Hajiya ta ce, "Ƙyale ta, baiwar Allah. Ba ita ke ci ba, su ne." Haka na cinye shinkafar, na bi da masa, na taɓa nama, mutuncina bai ragu da ƙwayar zarra ba. Ban taɓa cin abincin da ya kai wannan daɗi ba, kuma ba da sunana aka rubuta shi ba.

Da muka dawo, Baba ya saurari labarin yana gyaɗa kai, na ga har kafaɗunsa sun sauka. Ya ce aljani ai ba ya zaɓen gida, manyan mutane ma yana shafar su, kuma ana fitar da shi. Inna tambaya ɗaya ta yi: ina mazarƙwailar? Gwaggo ta kwance haɓar zanenta ta ajiye ta a tabarma. Inna ta ɗauka ta miƙo mini, ba ta dubi kowa ba.

Cikin makon nan kawun Maharazu, Alhaji Manu, ya zo da saƙo. Muna bayan ƙyauren zaure ni da Inna da Gwaggo. Ya ce Hajiya ta yaba da yarinya, aure yana nan. Sharaɗi ɗaya ne: a kai ta gidan Malam Ummaru ta zauna wajen iyalinsa har a raba ta da su, ko da zai kai kaka. Rubutu safe da yamma. Malam kuma ba ya son a haɗa masa aiki da wani magani.

Ga waɗanda ba su sani ba, bari in fassara. Zuma safe da yamma, babu allura. Jikina ba ya yin insulin ko ɗigo. Da farko ƙishirwa ce ta gaskiya, sai amai, sai numfashi sama-sama, sai barcin da ba a tashi. Ba sai an jira kaka ba.

Baba ya amince nan take. Alhaji Manu ya yi gyaran murya ya ce akwai 'yar tambaya, ba don komai ba: su mutanen, tsintar su aka yi a hanya, ko na gado ne? Baba ya ce shi dai zuriyarsa a bayyane take, a tambayi duk Bakori.

Inna ba ta taɓa magana maza suna zaure ba. Ranar ta matsa jikin ƙyaure ta yi sallama.

"Alhaji, a gaya wa Hajiya daga wajena ne. Kakata ta yi fama da su, ni ma suna taɓa ni, na dai ɓoye. In an yanke reshe an bar saiwa, aikin banza aka yi. A roƙi Malam ya haɗa da ni."

Alhaji Manu ya ce lallai wannan ita ce magana ta hankali. Baba ya ce shi ma ya daɗe yana zargi.

Kakar Inna matar liman ce, ta rasu da carbi a hannu. Da muka koma ɗaki na tambaye ta me ya sa. Tana yayyafa wa yashin tulu ruwa, ba ta juyo ba.

"Kina son sa?"

Na sunkuyar da kai.

"To wa zai riƙe miki tulun a can? Gwaggonki?" Ta mayar da murfin. "Zumar ma ni zan riƙa shanyewa. Dama ba wanda ya taɓa ba ni zuma safe da yamma."

Labari ba ya jiran mota. Kafin kasuwar Bakori ta sake ci, masu zuwa sayen ƙuli da man gyaɗa wajen Inna sun gano cewa na wata ya fi. Maƙwabciyarmu, wadda Inna ta yi wa wankan jego duk haihuwarta, ta shigo, ta ga 'yarta a cinyar Inna, ta tuna ta bar tukunya a wuta, ta ɗauke 'yar. Inna ta juye man da ya rage a kwalabe ta ce ya yi mana guzuri.

Na yi niyyar in kawo ƙarshen abin. Da Maharazu ya zo zance na shirya kalmar a bakina, ciwon sukari, haka kawai, ba ado. Amma ranar ce ya zaɓa ya fara magana ba da kaset ba.

"Na gode wa Allah da abin ya tsaya a nan," ya ce. "Iska ana rabuwa da ita. Hajiya tsoronta kada ya zama irin ciwon nan na asibiti, wanda ba ya warkewa."

"Wannan tsoron Hajiya ne," na ce. "Kai fa?"

Ya dubi takalminsa, ya daɗe. Sannan ya ce zai faɗa mini a kaset.

Na haɗiye kalmar. Ta fi allura zafi, amma ta wuce.

Ranar tafiya ya zo da hantsi ya raka mu tasha. Inna ta sa zanenta na zuwa biki, mai ruwan goro, wanda take ajiyewa a ƙasan adaka. Sirinji da 'yar tukunyarsa suna cikin garin kunu. Tulun ta naɗe shi da jiƙaƙƙen buhu ta ɗaure da igiya. Baba ya tsaya a ƙofar zaure yana yi wa masu wucewa bayanin cewa dangin matarsa ne ke da 'yar lalura.

Maharazu yaro ne mai ladabi, bai yarda Inna ta ɗauki komai ba. Ya ɗora ƙunshin kaya a babur, ya dawo ya sunkuci tulun. Yashin ya motsa, kwalba ta taɓa kwalba, ƙaramar ƙara, amma ya ji.

"Inna, mene ne a ciki? Kada in fasa."

"Kayan mutanen ne, ɗana. Ba a buɗewa."

Ya sauke shi ƙasa a hankali. Wannan mutumin da ke tuɓe takalmi tun daga soro ya durƙusa har ƙasa in zai gaishe ta, na ga ya ja baya taku ɗaya, ya goge tafin hannunsa a jikin rigarsa. Bai san ya yi ba. Inna ta gani. Da murya ƙasa-ƙasa ya ce to, sai dai Malam ya ce duk abin da aka zo da shi, shi zai fara buɗewa a ƙofa ya yi tofi kafin a shiga da shi.

Na dubi Inna. Ta ce, "To."

Ta sunkuya ta ɗauki tulun da kanta. A mota matar da ke kusa da ita ta dube ta, ta gane ta, ta matsa jikin taga. Inna ta gode mata da ta ƙara mata wuri. Ta ɗora tulun a cinyarta, ta rufe shi da hannu biyu saboda rana, ruwan buhun yana tsiyaya a hankali cikin zanenta na biki, tun daga Bakori har muka hango Dayi.